Filin bakin kududdufi: aikin wata ɗalibar zanen gini da ya sauya sau uku a Damagaram

Asalin lamarin

Ɗalibar 'yar Damagaram ce, tana shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon zanen gine-gine a wajen Nijar. Ƙa'idar makarantar ita ce kowane ɗalibi ya zaɓi fili na gaskiya a garinsu, ya zana ginin da zai amfani jama'ar wurin, ya kuma nuna yadda ginin ya dace da al'adar mutane da yanayin ƙasar. Ba a tilasta wa kowa ya gina abin da ya zana. Maki ake nema, a gaban kwamitin malamai kuma ake samunsa.

Filin da ta zaɓa yana wata unguwa a gefen Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram (Zinder), tsawonsa mita 60, faɗinsa mita 45. Kudu maso yammacinsa kududdufi ne, ramin da kakannin unguwar suka yi ta ɗibar ƙasar gini a ciki har ya zama matattarar ruwa. Ta arewa akwai manyan duwatsu uku, irin mulmulallun nan da duk wanda ya taɓa shiga Zinder ya sani. Tsakani kuwa fili ne fetal, sai dogon yaro biyu da kurna ɗaya.

Abu biyu game da garin sun shafi duk abin da ya biyo baya. Na farko tarihi: a Birni fadar Sarkin Damagaram take tun tsakiyar ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, kuma Zinder ce hedikwatar Faransawa a Nijar har 1926, kafin a mayar da ita Yamai. A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take son UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Tsohon garin Agadas ya samu shiga a 2013, Zinder tana nan tana jira. Na biyu ruwa: garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta cika ba da ruwa ba, shi ya sa ake jawo na famfo daga nesa, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ruwan sama kuwa wajen milimita 400 ne a shekara, mafi yawansa cikin Yuli da Agusta. Wata tara ana neman ruwa, wata biyu ana gudunsa.

Yuni zuwa Agusta 2024: zane na farko

Ta zo hutu a watan Yuni, ta auna filin da igiyar awo, ta ɗauki hotuna, ta sauko da hoton tauraron ɗan'adam daga intanet. Sauran aikin a kwamfuta ta yi shi. Abin da ya fito bene ne mai hawa ɗaya na bulo da siminti, da babban ɗakin taro mai kujera 200, da ɗakin karatu, da ɗakin kwamfutoci. Fuskar ginin gilashi ce, tana kallon yamma saboda titi yana can. Kududdufin za a cike shi a yi wurin ajiye motoci. Biyu daga cikin duwatsun za a fasa.

Cikin Agusta kawunta ya kai ta ƙofar gidan mai unguwa, inda dattawa ke zama bayan la'asar. Aka shimfiɗa takardun a kan tabarma, kowa ya duba. Mai unguwa ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗiyata, gini ya yi kyau." Babu wanda ya yi musu. Wani tsoho ne kawai ya ɗora yatsa a kan wurin motocin ya ce, "To, ruwan fa, ina za shi?" Ta amsa da cewa, "Baba, akwai kwalbati a ƙarƙashi." Ya gyaɗa kai, aka yi fatiha, aka watse. A littafinta ta rubuta cewa jama'a sun amince.

Satumba 2024: ruwa

Daminar 2024 ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar. Mutane sama da 300 suka rasu, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. A Zinder, ranar Talata 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Mutanen gari sun ji wannan rushewar a jikinsu.

Ɗalibar tana gari a lokacin, ta je filin ana tsakar ruwa. Ruwan yana gangarowa daga kan duwatsu da lunguna uku na arewa, ya haɗe ya ratsa filin daga kusurwa zuwa kusurwa, daidai inda ta sa ɗakin taron, ya faɗa kududdufi. Da kududdufin ya cika ya tumbatsa, ruwan ya tsaya a gindin katangar gidajen kudu. Washegari ta auna shaidar da ya bari a jikin katangar: santimita 55.

Ta yi lissafin da ba ta yi ba a watan Yuni. Ramin wajen mita 25 ne a tsawo, 20 a faɗi, zurfinsa in an daidaita mita ɗaya da rabi. Wato yana shanye lita 750,000 kafin ɗigo ya kai ƙofar kowa. Da an cike shi, wannan ruwan cikin ɗakunan mutanen kudu zai kwana, kuma kwalbatin da ta zana babu inda zai zubar, tunda babu babbar magudana a wannan ɓangaren. Ta janye zanen kafin ta koma makaranta.

Oktoba 2024 zuwa Janairu 2025: zane na biyu

A makaranta ta koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Ta karanta aikin Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar firamare ta Gando da ƙasa a 2001, ya kuma ci lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022. Ta karanta aikin Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili a Dandaji cikin jihar Tawa, inda a 2018 aka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da bulon ƙasa. Rushewar masallacin Birni ma tana ranta. Sai ta zana gini na gargajiya tsantsa: bangon tubali, rufin azara, ɗakin taro mai faɗin mita 8 da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke rufi, zankwaye a kowace kusurwa, fuskar gini cike da zane mai launi irin na gidajen attajiran da. Kududdufin ta bar shi, amma a takarda ya fito shuɗi fes da inuwar ginin a ciki. Malamanta sun yaba ƙwarai.

A Janairu ta zo da ƙaramin samfuri na kwali. Wannan karon innarta ta tara mata mata a cikin gida, kuma ba a yi mata kara ba. Wata dattijuwa da ɗakinta ya faɗi a Satumba ta ce, "Ɗiyata, ke can lakwal a ɗakin siminti kike kwana, mu kuma laka za ki sake kawo mana?" A daidai lokacin gwamnati ta riga ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin 100 tun Oktoba saboda masu sake gini, kuma duk mai hali a unguwar bulo yake bugawa.

Kawunta ya kai ta wurin wani tsohon magini. Shi bai ƙi ƙasa ba, da ita ya ci abinci duk rayuwarsa, amma ya warware zanen ɗaya bayan ɗaya. Azara daga giginya take, giginya kuwa ta yi nisa ta yi tsada, kuma doka ta hana sararta barkatai. Azara ɗaya ba ta tsallake fiye da taku biyu zuwa uku, don haka ɗaki mai mita 8 sai da bakan gizo, masu ɗaure shi da kyau kuma sun ƙaranta. Makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa don yaɓe ya jure ruwa, sai an nemo ta daga kudu. Zankwaye a wurin magina ba ado ne kaɗai ba: suna danne kusurwa, ana kuma maƙala igiya a jikinsu in za a hau gyara. Sannan ya yi tambayar da ta fi nauyi: "Gidan mutum, shi ke yaɓe shi kowace shekara kafin ruwa. Wannan gidan kowa ne. Wa zai hau?"

Akwai wasu kurakurai biyu da malamanta ba su gani ba. Ƙofa ɗaya ta sa, a bakin titi, inda maza ke zama, kuma matan aure da yawa ba za su ratsa ta nan da rana ba. Bayan gida kuma gabas yake kallo, wato alƙibla. Liman ya ce ko an gina ba za a shiga ba.

Fabrairu zuwa Afrilu 2025: ajiye fensir

Ta nemi izinin makaranta ta zauna a gari wata uku. Sharaɗin da ta sa wa kanta shi ne ba za ta zana komai ba sai ta gama kallo.

Ta raba littafi gida-gida bisa lokutan salla, tana rubuta wanda ke filin da abin da yake yi. Bayan asuba almajirai ne a gindin kurna da allunansu. Da hantsi duwatsun nan da ta so fasawa sai su cika da shanya: gero da aka surfa, kuɓewa, barkono, tufafin wanki. Dutse ya fi tabarma saurin busarwa, akuya kuma ba ta iya hawa na tsakiyar. 'Yan garuwa suna ratsawa da kurarsu ta layin da ruwa ya bi a Satumba, saboda nan ne ƙasa ta fi tauri. Da azahar filin babu kowa, sai tsofaffi biyu a inuwar dutsen gabas. Bayan la'asar ƙwallo. Da dare samarin fada, wato majalisar hira ta matasa, su kafa benci su dafa shayi har tsakar dare. In an yi haihuwa ko rasuwa ko ɗaurin aure, a nan ake kafa rumfa, gab da Babbar Salla kuma a nan ake ɗaure raguna. Filin da ta rubuta "babu kowa" a kansa a watan Yuni yana da masu shi a kowace sa'a.

Kasancewarta mace ya buɗe mata tsakar gida, inda ɗalibi namiji sai dai ya tsaya a zaure. A can ta ji abin da mata ke so: inuwar da za su zauna su yi saƙa da kitso da karatun dare ba tare da idon titi ba, da ruwa kusa, da katanga a bakin kududdufi saboda yara. Ɗakin taro bai fito daga bakin ko ɗaya ba.

Ita da maginin suka zagaya gidajen da suka faɗi. A wani gida ya ƙwanƙwasa bangon da aka shafe da siminti, ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ya sa cebur ya ɓamɓaro ɓawon simintin, faɗin tafin hannu biyu, ƙasar da ke baya ta zubo kamar gari, ƙasa-ƙasa kuma har lokacin da danshi, wata biyar bayan ɗaukewar ruwa. Siminti ba ya kama laka da kyau. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye mai gida yana ganin komai lafiya. Wuraren da suka duba kusan duk sun faɗa cikin dalilai huɗu: gindin bango ya jiƙa saboda babu tushe na dutse, indararo ya karye ko ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, shafen siminti a kan laka, sai kuma bangon gabas da ya zaizaye, tunda daga gabas hadari ke tasowa ya bugi gari da iska.

Cikin Afrilu ta rataya ma'aunin zafi a ɗakuna uku. Da ƙarfe uku na rana waje yana digiri 42, ɗakin kwano marar silin 45, ɗakin soro na ƙasa 35. Da dare abin ya juya: kwanon ya huce da wuri, soron ya riƙe zafinsa har bayan isha'i, wanda shi ya sa ake kwana a tsakar gida a bazara. Gini na amfanin rana take zanawa, don haka wannan ya goyi bayan ƙasa.

Ta gwada ƙasar wurin a cikin kwalba da ruwa, ta girgiza ta bar ta ta kwanta, ta ga yashi da laka sun rabu. Maginin ya murza tasa a tafin hannu ya ce tana son ƙarin yashi, kwalbar ma haka ta nuna. Suka aro injin matse bulo na hannu, suka tayar da 'yan bangaye huɗu a bakin filin, kowane tsawon mita ɗaya, duk suna fuskantar gabas: tubali da yaɓen ƙasa, tubali da shafen siminti, matsattsen bulon ƙasa zalla, da matsattsen bulo mai siminti kashi 6 cikin 100 a kan tushen dutse. Bulo mai simintin an rufe shi da leda yana shan danshi, aka bar shi kwana 28 kafin a ɗora. Aka yi ta kwarara musu ruwa a jiki da gindi a gaban jama'a. Na farko ya zaizaye a hankali. Na biyu ya yi kyau a ido har ranar da aka ɓamɓare shi aka ga ciki. Na uku gindinsa ya yi laushi. Na huɗu bai motsa ba. Dattijuwar nan ta zo da kanta ta kankare shi da farce.

Mayu zuwa Yuli 2025: zane na uku

Layin farko da ta ja a sabuwar takarda hanyar ruwa ce. Ta bar ta inda take, faɗin mita 2, shimfiɗe da dutse, a buɗe: damina magudana, rani hanyar 'yan garuwa. Kududdufin ya samu matakala ta dutse a gefe ɗaya, katanga mai tsayin ƙugu a sauran, da ramin tsakuwa a mashigarsa don tare leda da yashi. Duwatsun ba a taɓa su ba.

Ginin ya koma ƙananan ɗakuna uku da rumfa ɗaya a kan tudun da ke kusa da duwatsu, kowanne a kan tushen dutse mai santimita 60. Bango matsattsen bulo ne, silin na ƙasa mai lanƙwasa irin na ginin da ba ya cin itace wanda aka koyar da magina a Nijar tun shekarun 1980, sama da shi kuma kwano a ɗage, iska tana bi ta tsakani. Dogayen ɓangarori suna kallon kudu da arewa. Da yake Zinder tana kusa da digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi da tsaka, don haka bakin kwanon ya fito mita 1.2 ta ɓangarorin biyu. Bangon gabas gajere ne, babu taga, an lulluɓe shi da dutse. Ƙofa biyu: zaure a bakin titi, da ƙofar mata ta lungun gidaje. Bayan gida ya juya kudu da arewa. Zane na ado wuri ɗaya kawai ya rage, kewayen ƙofar zaure, kuma ta bar wa maginin ya zaɓa.

Rufin duka murabba'in mita 120 ne. Milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka shekara mai milimita 400 za ta ba da lita 48,000, in an cire kashi ɗaya cikin biyar na asara ya rage wajen 38,000. Ta sa tanki mai lita 10,000. Shinge na lalle da zogale mata suka nema. Ita ta ƙara gawo, saboda da rani yake da ganye, lokacin da ake neman inuwa, itacen da manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka daɗe suna raino a gonakinsu.

A Yuli ta kare aikin. Kwamitin ya rabu. Wani malami ya ce bai ga gini ba, tunda abin da aka gina bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ba. Wata malama ta ce littafin lokutan salla da bangayen gwaji su ne aikin. Ta ci da maki mai kyau, ba mafi girma a ajin ba.

Damina 2025 da bayanta

Unguwa ba ta da kuɗin ginin duka. Da adashin mata, da karo-karon maza, da gayyar samari, aka shimfiɗa hanyar ruwan aka gina rumfa ɗaya mai mita 6 da 4 a kan tushen dutse, da durom biyu a ƙarƙashin indararo. Ruwa ya bi hanyar da aka bar masa, bai kai shaidar santimita 55 ba, bulon rumfar kuma ya fita damina ba tare da zaizaya ba.

Abubuwan da ba su tafi daidai ba su ma suna nan. Leda ta toshe ramin tsakuwa har sai da samari suka shiga da shebur ana cikin ruwa. Sauro bai ragu ba. Katangar bakin kududdufi ba a gina ba, kuma ita mata suka fi nema. Akuyoyi sun cinye yawancin dashen gawo. Samarin fada sun mamaye rumfar tun daga la'asar, sai da mai unguwa ya raba lokaci: safe zuwa magariba na mata, bayan isha'i na samari. Takardar filin tana ofishin magajin gari ana bin ta.

Hukunci

Zane na farko da na biyu ba su yi kama ba, amma ciwonsu ɗaya: duka biyun daga hoto suka taso, ɗaya hoton ginin zamani, ɗaya hoton Birni ta da. A ganina na biyun ya fi haɗari, domin yana zuwa da sunan al'ada, malami ya yaba, baƙo ya yaba, a bar mai unguwa da bangon da babu mai yaɓe shi. Ina son zanen fuskar gidajen Birni, kuma rushewar masallacin nan ta dame ni kamar yadda ta dami kowa, amma al'adar da ta yanke hukunci a wannan fili ita ce ta wa ke shiga ta wace ƙofa, da inda ake shanya, da inda bayan gida ke kallo.

Abin da ya yi aiki uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi nauyi shi ne ta ga filin ana ruwa, wanda sa'a ce ta hutu, makaranta ba ta nema ba. Ya kamata ta nema: ɗalibin da zai zana wa garin Sahel gini bai ga damina ɗaya a filinsa ba, rabin filin kawai ya gani. Na biyu bangayen gwaji, saboda mutanen da ɗakunansu suka faɗi ba sa canza ra'ayi da sunan Kéré, sai da abin da suka kankara da farcensu. Na uku zaman tsakar gida, inda ake faɗin abin da kara ta hana a faɗa a ƙofar mai unguwa.

Ba a ce an gama ba. Bulo mai siminti kashi 6 yana buƙatar inji da awo da kwana 28, kuma in aka yi gaggawa ko aka rage simintin zai koma kamar bango na uku. Kududdufin ya ceci gidaje, yana kuma haifar da sauro, zanen bai warware wannan ba. Tambayar maginin ma tana nan a tsaye, sai dai ta koma ƙasa: ramin tsakuwa yana son yasa kowane watan Mayu kafin ruwan farko, kuma har yanzu unguwa ba ta sa sunan wanda zai riƙa yi ba.